Bayan tuwo da riga, me ya rage wa yaro a wurin iyayensa?

A tsakanin 1986 da 1987, wata likita mai binciken lafiyar yara, Sally Grantham-McGregor, ita da abokan aikinta, suka bi unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, suka zaɓo yara 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ƙaraminsu ɗan wata tara, babbansu ɗan shekara biyu. Aka kasa su gida huɗu. Kashin farko ana kai musu kilo ɗaya na garin madara duk mako. Na biyu ba su sami madara ba, sai dai wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan je gidansu sau ɗaya a mako, ta zauna kamar awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi daidai. Kayan wasan ma a gida ake haɗa su da tarkacen da aka yar. Kashi na uku suka haɗa madara da wasa, na huɗu kuwa ba ko ɗaya. Shekara biyu aka yi ana haka, sannan aka daina.

Masu binciken ba su rabu da yaran ba, sun yi ta bibiyarsu har suka girma. Da farko madarar da wasan duk sun nuna amfani. Da tafiya ta yi nisa sai tasirin madarar ya dusashe, na wasan kuwa ya zauna daram. Da yaran suka kai shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da hira sun fi sauran ƙarancin fargaba da damuwa. Da suka kai 22 sun fi su ƙarancin shiga faɗa da tashin hankali. A 2014 mujallar Science ta buga sakamakon da ya fi jan hankalin duniya: abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo sa'o'insu da ba su taɓa tsumburewa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe abinci ba kome ba ne. Madarar da aka raba ba ta da yawa, kuma a gidan talaka abin da aka kawo da sunan yaro ɗaya kowa sai ya lasa. Abin da binciken ya tabbatar shi ne, hirar da uwa take yi wa jaririn da bai iya mayar da magana ba tana gina shi ginin da ake iya aunawa bayan shekara ashirin. Mu kuwa a ƙasar Hausa, idan aka tambayi magidanci ko yana sauke haƙƙin 'ya'yansa, amsar a shirye take: ci da sha da sutura da kuɗin makaranta. Duk gaskiya ne, kuma a wannan tsadar rayuwa wanda ya iya waɗannan ya yi namijin ƙoƙari. Sai dai lissafin bai cika ba.

Daga ciki zuwa yaye

Bari mu fara da cikin, tunda shi ne a fili. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya haura rabi. Likitoci suna yawan maganar kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, domin a wannan tsakanin ne jiki da ƙwaƙwalwa suke girman da ba za su sake irinsa ba. Abin da aka rasa a nan, da wuya a cike gurbinsa daga baya.

Talauci ne babban dalili, babu mai musu. Amma akwai wani kaso da ke hannun gida. Har yanzu akwai inda ake matse dakashi a zubar, a ce nono bai yi kyau ba tukuna, alhali wannan ruwan mai kauri na kwanakin farko shi ne garkuwar jariri ta farko daga cututtuka. Akwai kuma rikicin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. A binciken nan na 2018, kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida suke samun haka. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Nguru ba zai yi mamakin kakar da ta ce hana jariri ruwa zalunci ne ba. Tausayi ne ya sa ta faɗa. Abin da ba a yi mata bayani ba shi ne, mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan randa da za a ɗura wa jaririn shi ne ƙofar gudawa. Wannan bayani ba aikin amarya mai jego ba ne, don ba za ta iya ja da uwar mijinta ba. Aikin ɗanta ne, wato uban jaririn, ya zauna ya ce, "Inna, ga abin da likita ya ce, ga kuma dalili."

Bayan wata shida sai kunu, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Kunun gero tsararo yana cika ciki, ba ya gina jiki. Abin da zai gyara shi kuwa yana kasuwar ƙauye: gyaɗa, waken suya, garin ƙuli-ƙuli, zogale, kuka, manja, busasshen kifi, ƙwai idan hali ya yi. Tsohuwar maganar nan ta cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata ta daɗe tana cutar da yara a gidajen da kaji ke yawo a tsakar gida. Haka ma al'adar tsame tsokar nama a kai kwanon maigida, yaro ɗan shekara biyu ya tashi da romo. Abin lura, maganin tamowa da ya fi shahara a duniya, Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, tushensa gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. A Maraɗi aka gwada ƙarfinsa sosai lokacin yunwar 2005, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara, mafi yawansu a gidajen iyayensu. Daga baya a Mirriya ta jihar Damagaram aka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren awo mai launi uku, aka ga sun iya sarai. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba a jiran gobe.

Sauran abubuwan jiki an san su, tuni kawai suke bukata. Gidan sauro. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata a damina: na ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku a hannun iyaye ake bari, kuma a nan yake yawan salwanta. Allurar riga-kafi, wadda ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ta nuna mana kuɗin da ake biya idan an yi sakaci da ita. Sai kuma daina jingina kowace gudawa da zazzaɓi ga haƙori. Yaron da ke gudawa ruwan gishiri da sukari yake bukata da ƙwayar zinc, tun kafin idonsa ya faɗa. Akwai ma kwalli. Wanda ake niƙawa daga dutsen nan mai ƙyalli yakan ƙunshi dalma, kuma mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a faɗa musu abin da dalma take yi wa yaro, tunda a 2010 gubarta, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Wadda ba ta kai ga kisa ba takan rage kaifin ƙwaƙwalwa a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Kunya ta zauna, kaka ta tafi

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Bahaushe ya gaji kunyar ɗa, musamman ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wata ko kuka yake sai ta kau da kai har wani ya ce ta ɗauke shi. Uba kuwa ya fi ta nisa. Baƙon da ya ga haka zai ɗauka babu ƙauna, kuma ya yi kuskure, domin tsarin da ya haifi kunyar ya tanadi madadinta. A babban gida yaro yana da kaka wadda ke kiransa mijinta ko kishiyarta, tana tsokanarsa yana ramawa. Yana da goggo da inna da kawu, yana da taubasai, yana da matan baffanninsa. Idan an yaye shi ɗakin kaka ake kai shi. Da dare akwai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da dandali. Duk hirar nan da ma'aikaciyar lafiya ta Kingston take koya wa uwa, a gidan gandu mutum goma ne suke yi wa yaro ita, ba tare da an sa mata suna ba.

Wannan gidan yana watsewa. Ma'aurata a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai suna zaune a ciki da falo na haya, maƙwabcinsu ma ba su san garinsu ba. Kaka tana ƙauye, sai a waya. Amma kunyar da kamewar sun biyo mu birni cikin kaya. Sakamakon shi ne yaron da yake tashi tsakanin mutum biyu da suke ƙaunarsa kamar ransu, kuma babu wanda ya saba nuna masa a cikinsu. Maganar da yake ji daga safe zuwa dare umarni ce: tashi, zauna, bari, kawo, yi shiru, ka yi salla? A ganina wannan giɓin ya fi kowane girma a tarbiyyar yaran birni a yau, kuma ba a maganarsa saboda ba ya zubar da jini.

Masana girman ƙwaƙwalwa sun bayyana yadda abin yake aiki. Jariri ya yi gwaranci ko ya nuna wani abu da yatsa, babba ya dube shi ya amsa, shi kuma ya sake. Wannan kai-da-kawowa ita ke ƙulla hanyoyin ƙwaƙwalwa da harshe da natsuwa suke bi. Ba ta cin ko sisi. Uwa tana tuƙa tuwo tana iya gaya wa na goye abin da take yi. Uba yana iya ɗora ɗansa a cinya bayan sallar isha'i ya tambaye shi wa ya yi wasa da shi yau, ya kuma tsaya ya ji amsar har ƙarshe, ko da shirme ce. Wanda yake ganin haka zubar da girma ne, ya tuna abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ba yabo ba ce, gargaɗi ne a kan rashin jinƙai.

A nan dole a sako lafiyar uwar kanta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Mai jegon da ta daina walwala, ba ta barci ko jariri ya yi, tana kuka ba dalili, ba raki take yi ba. Matar da ke kwana da fargabar saki ko ta kishiya ko ta cefane ba ta da sauran zuciyar yi wa jariri gwaranci. Mijin da ya kwantar wa matarsa hankali ya riga ya yi wa ɗansa rabin aiki. Idan kuma aure ya mutu, abin da ya fi yi wa yara illa shi ne mayar da su 'yan aike da makamin faɗa, ana zagin uwarsu a gabansu ko ana hana ta ganinsu.

Dorina da abin da take rufewa

Kowa ya san karin maganar icce da tanƙwara shi tun yana ɗanye, kuma yawanci da ita ake kare bulala. Ba na cikin masu cewa a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Yaro yana bukatar iyaka, yana ma samun natsuwa idan ya san inda take. Tambayar ita ce ko duka yana kai wa ga abin da ake nema. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da matsalolin ƙwaƙwalwa, ba su kuma ga alamar yana gyara hali ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ko ta boko a nan ya san yaron da dorina ta daina yi wa tasiri, ya ƙeƙashe, sai dai ya ƙware a ƙarya da ɓoye laifi.

Babbar illar ita ce yadda duka yake rufe abin da ya kamata a gani. Yaron da ke fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba, kuma tara masa yara suna yi masa waƙa ba ya ƙara masa kome sai tsoro. Wanda ake kira daƙiƙi a aji, wataƙila allon ne ba ya gani, ko kunnensa ya toshe tun wani ciwo da aka manta, ko kuma da yunwa yake zuwa. Yarinyar da ta yi shiru farat ɗaya, ta daina cin abinci, ta daina fita wurin ƙawaye, ba miskilanci ne ya same ta da rana tsaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Mu kuwa sunayen da muke ba su kaɗan ne: iskanci, ko iska, ko sammu. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kamar yadda ba su hana kai mai karaya wurin ɗori. Farfaɗiya, alal misali, tana da magani mai sauƙin kuɗi da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita, ba a kuma ɗaukarta ta yawu, amma har yau ana cire yara daga makaranta saboda ita.

Mun ga ƙarshen wannan hanya a 2019. A ƙarshen watan Satumba 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura da Zariya. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna ma biyan kuɗi, don sun rasa yadda za su yi da ɗan da ya kangare ko ya faɗa shaye-shaye. Ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofar ce. Shekara guda kafin nan, binciken BBC a kan kodin ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, kuma ƙididdigar da aka fitar a farkon 2019 ta ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Yaron da ya fara shan kodin ko tiramol ba ranar da aka kama shi ya fara ba. Akwai watanni da ya yi yana canzawa a gaban mutanen da ba su saba hira da shi ba.

Ƙofofin asibiti kaɗan ne, gaskiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Amma akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Kai yaro ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba ya nufin ya haukace, kuma gara maƙwabta su yi gulmar mako guda da a yi shekara ana ɓoyo.

Barci, wasa da waya

Akwai abu biyu da muke ɗauka ɓata lokaci ne alhali jiki da ƙwaƙwalwa ba sa yi sai da su. Yaro ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. A lissafa ranar yaron birni: asuba, boko har azahar, Islamiyya har magariba, wani ma da darasin dare, ga aikin gida. Niyyar iyaye kyakkyawa ce, amma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe hadda ko lissafi. Haka wasa. Shawarar masana ita ce aƙalla awa guda ta motsa jiki mai sa haki kowace rana ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Langa da ƙwallon layi da gaɗa da tsallen igiya duk sun wadatar, sai dai filayen unguwa sun zama shaguna, kuma yarinya da ta fara tasawa ita ake fara tsarewa, ta koma daga wanke-wanke sai raino. Ita ma jikinta yana bukatar gudu, tana kuma bukatar uwar da za ta yi mata bayanin al'ada kafin ranar ta zo mata a firgice.

Waya kuwa ta zama sabuwar mai raino. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan ƙasa da shekara biyu ba shi da abin yi da kallon waya ko talabijin, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma wayar da ta fi cin haƙƙin yaro sau da yawa ita ce ta hannun babba, wanda ya dawo gida jikinsa yana falo hankalinsa yana TikTok.

Idan yaro ya zo da magana

Duk abin da aka faɗa a sama yana haɗuwa a wuri ɗaya, wato ranar da wani abu ya sami yaro, zai iya faɗa ko ba zai iya ba. Yaran Ƙanƙara da aka sace a Disamba 2020, da 'yan matan Jangebe a Fabrairu 2021, da na Kuriga a Maris 2024, sun dawo gida an yi murna, amma dubban yaran Zamfara da Katsina da Borno da suka ga abin da bai kamata su gani ba suna nan da firgita cikin barci, da komawa fitsarin kwance, da maƙalewa jikin uwa. Irin wannan yaro ba a ce masa ya manta, ba a kuma matsa masa ya ba da labari. Ana mayar masa da tsarin yini da ya sani, abinci a kan lokaci da makaranta da wasa, a bar shi ya yi magana ranar da ya shirya.

Haɗarin da ya fi yawa kuma ba daga daji yake zuwa ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Galibi mai laifin sananne ne, maƙwabci ko ɗan uwa ko mai shagon da ake aiken yaro wurinsa. Yaron da ya saba duk abin da ya faɗa mari ne zai biyo baya, shiru zai yi. Wanda ya yi ƙarfin halin faɗa kuma, kalmar farko da ya ji daga bakin uwa ko uba ita ce za ta yanke ko zai ƙarasa. A yarda da shi, a gaya masa ba laifinsa ba ne, kada a fara da tambayar me ya kai shi can. Sannan a tafi asibiti kafin a tafi wurin sulhun dangi, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai ta Nana Khadija, kuma an kafa su ne musamman don karɓar irin waɗannan yara a duba su cikin sirri.